Ƙafar Faruk da Albashin Jinya

Ofishin Babban Darakta,
Kamfanin Rarraba Taliya da Man Girki,
Tarauni, Kano.

Zuwa ga Hajiya Jummai, a Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam da jaririyar da Allah ya ba ku. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙanku ce, ya kuma sa kada ta ɗauko hancin babanta. Hajiyar da na saka miki kyauta ce daga kamfani, kujerar Makka za ta biyo baya.

Ni ne Babban Darakta. Ba kowa nake rubuta wa takarda da hannuna ba, ina da masu yi mini. Amma maganar ta shafi babban ma'aikacinmu, ƙaninki Faruk, wanda in ba ya nan ko kwali ɗaya ba ya hawa mota da daɗin rai.

Kada hankalinki ya tashi. Ranar Lahadi, da ba a aiki, wannan bawan Allah ya hau katangar maƙwabcinsu Ayuba mai adaidaita da macijin roba a aljihu, wai zai sako wa 'yan majalisar da ke dara a gindinta. Bulo ya zame, ya riga macijin sauka, kuma a cikin kwata. Ƙafar dama ta karye a ƙwauri, har ƙashin ya ɗan leƙo waje. 'Yan majalisa sun ɗauka sabon wasa ne, sai da suka gama dariyarsu sannan suka tsamo shi. Wayarsa ita ba ta tashi ba. Shi ya sa kika ga takarda, don kin san wayar Kawu Shehu kullum a lasifika take saboda kunnensa, in kika yi tari a Azare sai mai shagon bakin layi ya ce miki sannu. Auwalu direba na tashar Unguwa Uku ya yarda zai riƙa kai miki.

Ayuba ne ya kai shi asibitin da kamfani ke kai ma'aikatansa, nan Tarauni. Suka wanke ciwon, suka ɗauki hoto, suka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Kawu yana zuwa ya ji an ce aiki, ya ji an ce ƙarfe, bai tsaya jin sauran ba. Ya dangwala yatsa a takardar fita, ya sa aka dawo da yaron gida Gyaɗi-Gyaɗi, ya aika a kira Baba Lawan mai ɗori. Ƙarti suka danne shi, aka ja ƙafar, aka yi tofi, aka shafa man shanu, aka jera karare aka ɗaure tam da tsumma. An ce ihun da ya yi har titin gidan zu an ji, amma ofishinmu bai tabbatar da wannan ba. Baba Lawan ya kafa doka ɗaya: duk hannun da ba nasa ba, kada ya taɓa ɗaurin, in ba haka ba ɗori ya ɓaci.

To ga inda kamfani ya shigo. Jami'armu mai kula da ma'aikata, Madam Tabita, 'yar Kafanchan wadda Hausarta ta fi ta Faruk tsari, ta je dubiya da ledar lemo, ta zauna ta yi bayani. Ashe ɗan abin nan da ake yanka masa a albashi duk wata, wanda yake ta ƙorafi yana cewa shayin manaja ake saya da shi, na irin wannan rana ne. Sunansa albashin jinya. Da a bakin aiki ya karye, da wata hanyar ce daban, ta diyya. Tunda a kan katanga ne, ranar hutu, da maciji a aljihu, sai wannan. Satin farko ba a biyan komai daga ciki, a kwanakin hutun rashin lafiyarsa ake cire shi. Daga nan sai a riƙa ba shi kashi biyu cikin uku na albashinsa har wata uku, kuma a ajiye masa gurbinsa, kada a ba wani. In wata uku ta cika bai tashi ba, sai a sake zama, wannan wata maganar ce. Sharaɗin dai, ya kasance a hannun likita, likita ya riƙa ganin ƙafar duk sati biyu yana rubutawa cewa har yanzu ba zai iya aiki ba.

Kawu ya ji kashi biyu cikin uku, ya ji wata uku, bai ji sharaɗi ba. Ya ɗaga hannu yana ta shi wa kamfani albarka, wai mutanen kirki, dubiya har ta wata uku, ko 'yan uwa na jini iyakarsu kenan. Madam ta sake faɗa da ƙarfi, ya ce mata ai ba komai, Allah ya bar zumunci.

Ma'aikacin namu yana nan kwance yana cin farfesu kamar mai jego, kun zama ku biyu kenan. Ya ce yatsun sun ɗan kumbura, amma Baba Lawan ya ce haka ɗori yake.

A gaida Malam, a shafa kan jaririya. Ki huta lafiya.

Naki mai girma,
Babban Darakta.


Ofishin Babban Darakta,
Tarauni, Kano.

Zuwa ga Hajiya Jummai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta jaririya da ta mutanen gida baki ɗaya, ina fatan kuna nan ƙalau. Turaren wuta da kilishin da kika aiko sun iso, an kuma miƙa wa mai su, ban da ɗan abin da ofis ya ɗanɗana.

Auwalu ya kawo saƙonki na baki, wai a gaya wa Faruk ya daina iskanci, kin gane wannan rubutun mai kama da tafiyar kaza ko a cikin duhu, kuma ba Daraktan da zai rubuta takarda a bayan kwalin taliya. Ofishinmu bai san wannan magana ba. Takarda ce ta yi tsada.

Sati biyu sun cika, likita bai ga ƙafa ba, don haka Madam Tabita ta koma gidan. Wannan karon ba ta zo da lemo ba, ta zo da takarda a cikin ambulan. Ta ce ita ba ta hana kowa ɗori ba, kakarta ma ɗori aka yi mata, amma ba ta da ikon sakin ko kwabo sai da rubutun likita, don kuɗin ba daga aljihunta yake fita ba, akwai masu inshorar da ke tambayarta. Ta ce motar kamfani za ta zo ta ɗauke shi ta dawo da shi, a duba kawai.

Nan Kawu ya gane ashe da sharaɗi. Hajiya, da kin ga fuskarsa. Ya ajiye almakashi ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an sa wa dubiya sharaɗi ba. Mai dubiya shigowa yake ya yi sannu, ya tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashi ya fita, ba ya cewa sai an buɗe masa ciwo ya gani. Madam ta ce, Baba, ba dubiya ba ce, haƙƙinsa ne, da guminsa ya tara. Kawu ya ce in haƙƙinsa ne a ba shi mana, wa ya taɓa kai wa likita takarda kafin ya karɓi kuɗin ɗinkinsa? Ta ce wannan daban. Ya ce duk ɗaya ne. Haka suka yi ta yi, ita tana Baba, shi yana 'yata, ba wanda ya matsa. Shi kuwa mai ƙafar yana kwance a tsakiya ya ja bargo har kan yatsunsa, yana tambayar Madam ko albashin jinya ya haɗa da kuɗin aure, tunda rashin mata ma ciwo ne. Ta yi dariya. Da ya san za ta yi dariyar ta tafi ba ta ɗaga bargon ba, wataƙila da bai faɗa ba.

Don akwai abin da ya ɓoye. Yatsun sun daina ciwo. Da farko ya yi murna, ya ɗauka sauƙi ne. Sai ya lura launinsu ya sauya, biyu na ƙarshen sun yi duhu kamar an tsoma su a tawada. Da Kawu ya fita alwala, na ɗauki allurar ɗinkinsa na soka, wato ya ɗauka ya soka, a ƙaramin yatsan. Ya ga allurar ta shiga. Bai ji komai ba. Ya sake, ya rufe ido ko zai ji in bai gani ba. Shiru.

Bai gaya wa Kawu ba, don Kawu zai kira Baba Lawan, Baba Lawan kuma ya ƙara ɗaurewa. Bai gaya wa Madam ba, don Madam asibiti za ta ce. Ke kin san abin da asibiti yake nufi a gidan nan. Kin fi shi tunawa, ke kina da wayo lokacin. Shi abin da ya riƙe kawai, an tafi da mahaifinku da ciwon suga a ɗan yatsa, an dawo da shi ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da fil, daga nan bai ƙara shekara ba. Kawu ne ya sa hannu a takardar wancan aikin, a matsayinsa na ƙanin Baba, kuma shi ya ɗauke ku ya riƙe. Har yau in an wuce ƙofar asibiti da shi a adaidaita, ɗaya gefen yake kallo.

To Hajiya, a matsayinki na wadda ta yi makarantar boko har aji shida, ofishinmu yana neman shawara. Yatsa in ya yi baƙi yana komawa? Ki tambayi matar nan ta asibitin haihuwa da ke zuwa duba ki, amma kada ki ce na waye, kada kuma ki gaya wa kowa. Kuma kada ki taso, ba ki yi arba'in ba, hanyar nan ba ta mai ɗanyen jiki ba ce.

A gaida Malam. Ki sa mu a addu'a, har da Daraktoci suna so.

Naki,
Babban Darakta, mai motoci goma sha.


Ofishin Darakta,
Kano.

Zuwa ga Hajiya Jummai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, jaririya tana samun nono, Malam yana samun barci. Mu nan sai godiya.

An ce kada ki gaya wa kowa, kika kira Kawu. Ba a ga laifinki ba, amma ki sani duk layin sun ji. Sun ji kina kuka kina cewa ya kai yaron asibiti yau ɗin nan, sun ji Kawu yana cewa ya taɓa miƙa musu ɗan uwa da ƙafa biyu, ba zai miƙa musu ɗa ba. Sun ji kin ce in wani abu ya faru ba za ki yafe ba. Bayan kin kashe, ya daɗe da wayar a hannu, sannan ya je ya wanke fuska ya dawo ya tambayi mai jinya ko zai sha kunu.

Abin da ke tsorata ma'aikacin namu kenan. Da Kawu mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Ya ɗauke keken ɗinkinsa daga shago ya dasa a ƙofar ɗakin, yana ɗinki yana leƙe. Shi yake kai shi bayi a kafaɗa, tsoho da shi. Kullum da safe ya wanke rubutu ya ba shi, ya karanta Yasin a kan ƙafar. Da Madam Tabita ta aiko cewa an dakatar da albashin jinya har sai likita ya gani, yaron ya ɗauka shi kenan, yanzu Kawu zai sauko, tunda ya san abin da ke cikin tukunyar gidan. Sai Kawu ya ce su riƙe abinsu, shi da ya ciyar da marayu biyu da allura da zare ba zai gaza a kan wata uku ba. Washegari aka ga ba rediyonsa, aka ga kaza a tukunya.

Saƙon Madam bai tsaya nan ba. Ta ce dakatarwa ba kora ba ce, ranar da likita ya rubuta, ranar za a ci gaba da biya. Amma wata ukun nan tafiya suke, ko an biya ko ba a biya ba, kuma in aka daɗe ba labarin likita, a wajen kamfani ya zama wanda ya ƙi zuwa aiki kawai, gurbinsa sai a ba wani. A ƙarshe ta ce a gaya masa ita ba gurbin ne ya dame ta ba, tana so ta san dalilin da ya sa mutum zai rufa da bargo a wannan zafin.

Hajiya, ƙafar ta fara wari. Ba irin warin tsumma da man shanu ba, wani ne daban, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda in ka shaƙa sau ɗaya yake bin ka. Turaren da kika aiko shi ake ta ƙonawa. Lydia matar Ayuba ta kawo masa fate, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta dubi bargon ta dube shi, ta juya ta fita ba ko tsokana, ita da ba ta taɓa barin sa ba tare da ta kira shi Sarkin Macizai ba. Zazzaɓi yana zuwa da yamma ya kaɗa shi har haƙora na haɗuwa. Baba Lawan ya zo ya latsa saman ɗaurin, ya ce mugun jini ne ke fita, ya ƙara tofi, ya ce kada a kwance sai lokacinsa ya yi. Amma da zai fita bai karɓi goron da Kawu ya miƙa masa ba, kuma bai haɗa ido da kowa ba.

Duhun ya wuce yatsu biyu, ya fara hawa bayan ƙafar. Yaron ya sa zare ya ɗaura alama a inda ya tsaya, da gari ya waye ya ga ya tsallake zaren. Yana karanta Alam nashraha, in ya kai tsakiya sai ya rasa inda yake, shi da malamin makarantar allo ke sa shi ya biya wa yara. Yana tsoron ya zauna, yana tsoron ya tafi. In ya rufe ido sai ya ga wando da fil.

Amsar matar asibitin haihuwa ta iso ta bakin Auwalu. Ya faɗe ta a kunne, kuma bai yi wasan da ya saba ba. An gode.

Akwai wata dabara da ake shiryawa. Ba mai kyau ba ce, kuma wanda za a yi wa bai cancanta ba. In kin ji labari kada ki yi saurin tsinewa.

A gaida kowa. Ki yi ta addu'a.

Darakta.


Ɗakin maza, gado na kusa da taga,
Asibiti, Tarauni.

Zuwa ga Yaya Jummai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da jaririya da Malam, ina sanar da ke an iso asibiti. Auwalu yana tsaye a kaina yana jira, motarsa ta kusa cika, don haka zan yi sauri, ki yi haƙuri da rubutun.

Ga yadda aka yi. Kin san Kawu ba ya karanta boko, duk takardar da ta shigo gidan yaron yake miƙa wa. To jiya da safe aka ɗauko ambulan ɗin da Madam ta bari, mai tambarin kamfani, aka ce ai an manta ba a karanta masa ba. Abin da ke ciki bayanin albashin jinya ne kawai. Abin da aka karanta masa kuwa, wai Babban Darakta ya ji labarin an ɓata wa dattijo rai, ya ce ba a yi daidai ba, yana gayyatar Malam Shehu Tela da kansa ofis da hantsi, ya ba shi haƙuri, ya damƙa masa dubiyar hannu da hannu ba sharaɗi. Kawu ya yi murmushi ya ce ai ya san manya ba sa rasa kunya. Ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah, ya goge ta da kansa, ya sa hular da kika kawo masa, ya tambayi mai ƙafa ko ta zauna daidai. Aka ce masa ta zauna.

Yana shan kwanar layi Ayuba ya kawo adaidaita bakin ƙofa. Shi da Lydia suka ɗauko yaron da tabarmarsa.

Da likita ya sa almakashi a tsumman, wata ma'aikaciya ta buɗe taga. Ban kalla ba. Na kalli fuskar likitan, wani Dakta Kehinde, mai magana a hankali. Bai yi faɗa ba, na so ma ya yi. Ya ce yatsu biyun sun riga sun tafi, ba abin da zai dawo da su. Sauran ƙafar kuma za su shiga su kwashe abin da ya ruɓe, su wanke ƙashin, su kafa ƙarfe ta waje. Ya ce yana sa ran za ta tsira tunda an zo yanzu, amma ba zai yi rantsuwa ba sai ya buɗe ya gani, kuma in ya ga abin ya haura, zai yanke a ƙasan gwiwa don a tsira da rai. Ya ce da an ƙara sati da ba wannan maganar muke ba. Suka sa ruwa da allurai suka ce aiki sai yau, in zazzaɓin ya sauka.

Kawu kuwa yana can ƙofar kamfani. Maigadi ya ce ba shi da labarin wata gayyata, Kawu ya ce zai jira. Ya zauna a benci cikin rana da babbar riga, duk motar da ta shigo sai ya miƙe ya gyara hula. Har azahar. Madam Tabita ce ta fito ta gan shi, ta tambaye shi wa ya karanta masa takardar. Da ya faɗa, ta ce ba ta san lokacin da ta zauna kusa da shi a bencin ba. Ita ta gaya masa gaskiya, ita ta sako shi a motarta ta kawo shi.

Ya shigo ɗakin nan, Yaya, wurin da ya yi shekaru yana kau da kai. Ya tsaya a ƙarshen gado. An rufe ƙafar da farin ƙyalle amma yatsun suna waje. Ya dube su ya daɗe. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari. Abin da ya ce kawai, ashe haka suka zama, kuma kana kallona ina ƙona turare. Sai ya fita baranda ya zauna a ƙasa.

Madam ta tsaya ta ƙarasa nata aikin. Likita ya rubuta, don haka albashin jinya ya dawo daga jiya. Na makonnin da aka rasa ta ce za ta rubuta roƙo, ba ta yi alkawari ba. Ta ce in wata ukun ba su isa ba likita zai iya neman ƙari, kuma ko yaya aka fito daga aikin nan akwai aikin zaune a sito, na duba kayan da ke fita, a fara da rabin yini. Na ce mata mai ƙafa ɗaya da rabi kashi nawa ake ba shi cikin uku? Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce Faruk, ya isa haka.

Da safen nan aka kawo takardar yarda da aiki. Aka kai wa Kawu baranda, don nan ya kwana da rigar Sallarsa. Ya karɓi biron, ya ajiye shi a ƙasa. Ya ce ba zai iya ba, ya yi sau ɗaya, a nemi wani. Ba fushi ba ne, na ji muryarsa. Na ce to a jira a kira ki a waya. Sai Dakta ya tambayi shekaruna, na faɗa, ya ce ai ba a bukatar kowa, ƙafarka ce, kai za ka sa hannu. Ya sake karanta mini da Hausa, har wurin da aka ce ƙasan gwiwa, bai tsallake ba.

Na riƙe biron na daɗe. Na leƙa taga na ga bayan Kawu. Sannan na rubuta sunana da ajami, yadda malamin makarantar allo ya koya mini, don shi ne rubutun da hannuna ba ya kuskurewa.

Yaya, babu wani Darakta. Na san kin sani tun takardar farko, amma ina so in faɗa da bakina. Ni ne nake rubuto miki a bayan kwali, ni na soka allurar, ni na ɗaura zaren, ni na karanta wa Kawu abin da babu a takarda na bar shi a rana. Na kasa rubuta ina jin tsoro da sunana, shi ya sa na ari na wani. Ina jin tsoro, Yaya. Bakina ya bushe kuma sun hana ni ruwa. Ban san da me zan farka ba.

Ki kira Kawu yanzu, ko duk asibitin za su ji. Kada ki yi masa faɗa. Ki ce ya ci wani abu, ki ce na ce ya yafe mini, kuma in an fito da ni ina so shi na fara gani, ko me aka tarar a ƙarƙashin ƙyallen.

Ga su nan sun turo gadon. Ki gaida Malam, ki sumbaci jaririya, ki yafe mini abin da na yi miki tun ina ƙarami.

Ni ne ƙaninki,
Faruk.